Zaman Wurin Aiki Idan Ya Yi Tsami: Yawan Aiki da Abokin Aiki Mai Zagon Ƙasa

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraronmu, ga shirinmu na faɗakarwa. Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Sarandosa da Gubba, da Sambawa da Mungadi da Andarai, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Maiyama, da 'yan'uwanmu na Jega da Aliero, da duk wanda ya kama mu a gida ko a shago ko a cikin mota.

Yau za mu tattauna ne a kan zaman wurin aiki idan ya yi tsami. Akwai mutumin da gari na wayewa sai gabansa ya faɗi, don ya san inda za shi. Aikin mutum uku aka ɗora masa. Maigidansa ba ya yi masa magana sai da tsawa. Ga kuma wani abokin aiki a gefe, a gaban ido yana washe masa haƙora, a bayan ido yana cin dunduniyarsa. In ya kai kuka gida, sai a ce: "Yi haƙuri, wasu nema suke ba su samu ba." Gaskiya ne aiki ya yi wuya a ƙasar nan. Amma wuyar samun aiki ba ta halatta wa kowa wulaƙanta mai yin sa ba.

Da muka ce wurin aiki, kada a ɗauka ofis kaɗai muke nufi. Muna magana da malamin firamare a ƙauye, da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, da akawun sakatariya, da masinja, da yaron shago a kasuwa, da masu lodin buhunan albasa, da mai aiki a injin gyaran shinkafa, da yarinyar da ke wuni a rumfar POS, da ɗan koyo a garejin kanikawa. Duk inda mutum ke fitar da gumi a ƙarƙashin wani, maganar nan ta shafe shi.

Bari mu fara da mai zagon ƙasa, don shi ya fi wuyar kamawa. Ba ya zaginka. Ba ya faɗa da kai. An aiko da sanarwar taro ta hannunsa, sai ya yi shiru, a yi taron ba ka, a rubuta ka cikin marasa zuwa. Ka kwana kana haɗa rahoto, shi ya kai wa oga kamar shi ya yi. Ka yi ɗan kuskuren da kowa ke yi, kafin azahar kowa ya ji. In ya keɓe da maigida, ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ba na son kai sara, amma dai ka sa ido a kan wane." A kasuwa kuwa cewa zai yi: "Alhaji, ka riƙa ƙirga kuɗin ciniki in wane ya tashi." Bai ce ka yi sata ba, amma daga ranar Alhaji ba zai ƙara kallonka da idon da ba. Zamani ya ƙara masa makami: ya naɗi muryarka a waya kana cikin fushi, ya yanke farko da ƙarshe, ya tura wa manya ta WhatsApp.

Sai yawan aiki. Sau da dama asalinsa ƙarancin ma'aikata ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san makarantun da ake haɗa wa malami aji biyu a ɗaki guda. Akwai ƙananan asibitocin da mutum ɗaya ke yanka kati, ya yi allura, ya yi awon ciki, in naƙuda ta zo da dare shi za a buga wa ƙofa. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Inda abin ke zama zalunci na cikin gida shi ne wurin rabo: a raba ma'aikata gida biyu, 'yan mowa da 'yan bora. Ɗan gaban goshi ya zo ƙarfe goma ya tashi sha biyu, wanda ba ya musu kuma a jibga masa komai. In lokacin tura mutane horo ko rabon alawus ya zo, sai a manta da sunansa.

Idan waɗannan biyu suka haɗu da shugaba mai tsawa da gori, wanda ke cin mutuncin magidanci a gaban yaran da yake koyarwa, to wurin aiki ya zama gidan gaba.

Sai dai, masu sauraro, mu yi adalci. Ba kowane saɓani ne zalunci ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Shugaban da ya tsawata maka don ka yi latti, aikinsa ya yi. Abokin aikin da ya nuna maka kuskure a lissafi, taimakonka ya yi, ko da bakinsa ba daɗi. Kafin ka ce ana yi maka bita-da-ƙulli, ka tambayi kanka abu uku. Shin abin nan sau ɗaya ya faru, ko kuwa ya zama ɗabi'a? Shin kowa ake yi wa, ko kai aka ware? Shin yana gyara aikin, ko kuwa mutuncinka da abincinka yake taɓawa? In ya zama ɗabi'a, kai kaɗai ake yi wa, kuma ba ya gyara komai, to ka san da matsala, kuma shiru ba zai warkar da ita ba.

A nan ƙasarmu ba sai an yi dogon bayani ba. Daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo su Aliero wurin masu ɗori, kuma kowane maɗori zai gaya maka ƙashin da aka kawo da wuri ya fi sauƙin gyara. Wanda aka ɓoye a ɗaki har ya haɗe a karkace, gyaransa sai an sha azaba. Rikicin wurin aiki ma haka yake. Wanda aka yi maganarsa a satin farko, zama ɗaya ya ishe shi. Wanda aka haɗiye shekara biyu, ranar da ya fashe sai ya tafi da aikin wani, ko da lafiyar wani.

Tarihin masarautar Gwandu, wadda Maiyama da Jega da Aliero ke cikinta, yana da darasi a kan wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya ba da labari da kansa a littafinsa Tazyinul Waraƙat cewa a shekarun farko na jihadi ransa ya ɓaci da halin da ya ga wasu abokan tafiya sun shiga na son duniya da neman mulki. Abin ya kai shi ga barin runduna, ya fuskanci gabas da niyyar Makka. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. A can ya rubuta Liya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa wa masu mulki ƙa'idojin riƙon jama'a, daga baya kuma ya dawo ya ci gaba da aiki. Ku duba abin da malamin nan ya yi da ɓacin ransa. Bai bi dare yana ɓata sunan kowa ba. Ya janye jikinsa, ya faɗi abin da ya gani a fili, ya mai da damuwarsa rubutacciyar ƙa'ida da kowa zai iya dubawa.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, tsakaninsa da baffansa Abdullahi ya yi sanyi na ɗan lokaci. Abin da ya daidaita su shi ne lokacin da wani rikici na garin Kalambaina ya tsananta wa Gwandu, Bello ya taso da kansa ya kawo ɗauki, suka haɗu ido da ido, kowa ya ba ɗan'uwansa girmansa. In har manyan da suka fi mu ilimi da tsoron Allah sun saɓa a kan aiki, ba abin kunya ba ne mu mu saɓa. Abin koyi shi ne yadda suka fita daga saɓanin, a fili kuma fuska da fuska.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan yawan aiki da zagon ƙasa a wuraren neman abinci.

Me wannan hali ke yi wa jiki? A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi tare. Sun gano cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 suka mutu a duniya ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da dogon lokacin aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, idan aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. To yanzu yi lissafin yaron da ke buɗe shago ƙarfe 7 na safe, ya rufe ƙarfe 9 na dare, ba ranar hutu. Awa 98 ke nan a mako.

Tun a 2019 Hukumar Lafiyar ta amince cewa akwai wata irin gajiya da matsin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare ko da mutum ya yi barci, zuciya ta fita daga aikin, sannan ƙwazo ya ragu. A gida za ka ga mutum ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa, ciwon kai ba ya yankewa, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. Matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ke karɓar fushin da aka kwaso daga ofis.

A ƙasar Faransa an taɓa kai irin wannan magana gaban alƙali. A watan Disamban 2019 wata kotu a birnin Faris ta sami tsofaffin shugabannin kamfanin sadarwa na France Télécom da laifin gallaza wa ma'aikata da gangan don su gaji su ajiye aiki, bayan da ma'aikata da dama suka hallaka kansu. Mun kawo wannan ne don a san cewa ƙuntata wa ma'aikaci na iya kaiwa ga rasa rai, kuma hukunci na iya hawa kan mai yin sa komai girman kujerarsa.

Mu dawo gida. Me dokar Nijeriya ta tanada? Dokar Ƙwadago, wadda ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata irin su akawu, ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai bayanin irin aikinsa da albashinsa da lokutan aikinsa. Wanda ya yi awa 6 ko fiye a yini, yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba a tsakani. A kowane kwana 7 yana da hutun yini guda cur. In ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. In ya yi rashin lafiya likita ya tabbatar, yana da har kwana 12 a shekara ba a taɓa kuɗinsa ba. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, mai shayarwa kuma a ba ta rabin awa sau biyu a yini. Ma'aikatan gwamnati da manyan ma'aikata kuwa, nasu yana cikin takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idojin aikin gwamnati, kuma yawanci ya fi wannan.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa cikin abubuwan da ake iya biyan diyya a kansu idan likita ya tabbatar. An kuma gyara tsarin mulki, aka ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙararrakin da suka shafi aiki, har da nuna bambanci da neman mata da lalata a wurin aiki. Kotun tana da reshe a Sakkwato. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad. Tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo don kai koke gare ta. A 2022 Nijeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce kowane mai aiki yana da haƙƙin a bar shi ya yi aikinsa ba tare da duka ko tsangwama ba.

Kada kuma a raina ƙungiya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, da naira 75,000 da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a watan Oktoba na shekarar, ba ma'aikaci ɗaya ne ya je ya roƙo ba. Ƙungiyoyi ne suka zauna da hukuma. Malamai suna da NUT, ma'aikatan ƙananan hukumomi suna da NULGE, ma'aikatan lafiya suna da nasu. Kuɗin ƙungiya da ake yanka a albashinka kowane wata, na irin wannan rana ne.

To, mai sauraro, a ce kai ne a cikin wannan hali. Ta ina za ka fara?

Na farko, ka fito da aikinka fili. Mai zagon ƙasa ba ya cin kasuwa sai inda babu shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta abin da aka sa ka, da ranar, da wanda ke wurin. In ba ka boko, rubuta da ajami. In an ba ka umurni da baki a kan abu mai muhimmanci, ka bi shi da ɗan saƙon waya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce, zan kai rajistar ranar Alhamis in sha Allah." In kuɗi ko kaya ke ratsa hannunka, kada ka karɓa ko ka miƙa sai an ƙirga a gaban mutum na uku. Yaron shago, ka roƙi maigidanka a riƙa rufe lissafi kowane dare kuna tare. Wannan kariya ce gare ka, kariya ce gare shi.

Na biyu, ka sami abokin aikin nan kai da shi, lokacin da zuciyarka ta huce. Kada ka ce masa munafuki, don daga nan magana ta ƙare, faɗa ya fara. Ɗauki abu guda da ka tabbatar, ka ce: "Malam, ranar Talata an ba ka sanarwar taro ka ba ni, ba ta iso ni ba. Na ce bari in ji daga bakinka kafin in ji daga bakin wani." Wani sa'in za ka tarar mantuwa ce, ko kuma wani ne ya haɗa ku. In kuwa da gangan ne, ya san yanzu idonka biyu, kuma da yawansu daga nan suke ja da baya. Daga ranar ka ci gaba da gaishe shi, ka yi aiki da shi, amma sirrinka da ƙorafinka a kan oga ka bar su a cikinka.

Na uku, maganar yawan aiki ka kai ta da lissafi. In ka ce "na gaji" kawai, sai a ce raggo ne. Je ka ce: "Ranka ya daɗe, ga aji biyu a hannuna, ga rajista, ga haɗa sakamakon jarrabawa, duk ana so kafin Juma'a. Ba za su yiwu tare ba. Wanne zan fara, wanne za a ba wani?" Ka ga ba ka ƙi aiki ba, kuma ka mayar da zaɓi hannun mai ikon zaɓi. 'Yar'uwa ma'aikaciyar asibiti, ki nemi a rubuta jadawalin kwana a manna shi a bango, kowa ya ga sau nawa ya kwana a wata.

Na huɗu, in abin ya ƙi, ka hau tsani daki-daki. Malamin makaranta ya fara da hedimasta, in hedimastan ne matsalar ya wuce ofishin sakataren ilimi, ya sanar da wakilin ƙungiya. A kasuwa da tasha da gareji akwai shugabannin sana'a da dattawa, akwai limami, akwai mai unguwa da hakimi. Koke ya zama gajere, a rubuce, da ranaku, babu zagi, kuma ka riƙe kwafinka. In an ba ka takardar tuhuma, ka amsa cikin wa'adin da aka ba ka, ka tsaya a kan abin da aka tambaye ka. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba ko ba a karanta maka ba. Amma akwai abu biyu da ba a bin tsani a kansu: duka, da neman mace da lalata don a bar ta a aiki ko a ƙara mata girma. Waɗannan laifuka ne. A gaya wa iyaye ko miji ko wani amintacce tun ranar farko, a kai maganar ga hukuma.

Na biyar, ga abin da za ka kiyaye. Kada ka rama gulma da gulma, don ranar bincike ba za a bambance ku ba. Kada ka kai rikicin ofis Facebook. Kada ka saki aikin ya lalace don haushi, domin yaron da ke aji da majinyacin da ke kan benci ba su yi maka komai ba, kuma abin da mai zagon ƙasa ke jira ke nan. Kada ka kwashi albashinka ka kai wa boka don ya kawar maka da wani. Matasanmu masu aikin ƙarfi, ku ji wannan da kyau: tiramol da sauran ƙwayoyi ba sa ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya suke yi har jiki ya karye, su bar mutum da farfaɗiya da jaraba.

Na shida, ka kula da lafiyarka. Ka je a auna hawan jininka ko ba ka jin komai, don ba ya sallama. Ka sami wanda za ka riƙa faɗa wa damuwarka. In barci ya gagara makonni, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka je asibiti ka faɗa wa likita yadda abin yake. Akwai asibitin tarayya na masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can neman magani ne kamar kowane.

Na ƙarshe, in ka bi duk waɗannan ba ta sauya ba, neman canjin wurin aiki ko barin aikin ba gazawa ba ne. Amma a fita da shiri. Ka nemi madafa tukuna, ka ba da sanarwa yadda doka ta ce, ka miƙa kayan mutane a rubuce, ka karɓi haƙƙinka, ku rabu da sallama. Ƙasar nan ƙarama ce, za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kafin mu rufe, muna da magana da shugabanni: hedimastoci, da masu riƙe da asibitoci, da shugabannin sassa, da Alhazan kasuwa, da iyayen gida a gareji. Ranku ya daɗe, mai kai sara ba ya zuwa sai inda ake shimfiɗa masa tabarma. Ranar da wani ya zo ya ce "wane ya ce, wane ya yi", ku ce masa: "Zauna, bari a kira shi ka maimaita a gabansa." Ku yi haka sau biyu, ku ga ko za a sake kawo muku. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wanda bai ji ba bai gani ba mu koma muna nadama. Ita ce kuma ta hana mugun zato da bin diddigin mutane da cin namansu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa ya zama dole, to a kama masa. Ku raba aiki a rubuce. Ku yi gyara a keɓe, ku yi yabo a bainar jama'a. Ku biya haƙƙi a kan lokaci. Yaron da ya yi muku shekaru a shago, a sa ranar sallamarsa da abin da za a ba shi tun farko, a gaban shaidu.

Kai kuma da ka san kana yi wa wani zagon ƙasa, ka ji tsoron Allah. Gargaɗin da ya zo a hadisi a kan annamimi mai tsanani ne, har ya kai ga hana shiga Aljanna. Mutumin da kake neman a kora yana da mata da 'ya'ya da tsofaffi da ke jiran ƙarshen wata. Abin da aka rubuta masa ba zai dawo aljihunka ba. Ka je ka nemi gafararsa, ka koma wurin wanda ka kai wa ƙaryar ka warware ta.

Sauran abokan aiki da ke gani suna shiru, ku ma kuna da kaso. Kalma ɗaya ta isa: "Ranka ya daɗe, ina wurin, ba haka aka yi ba." Iyali kuma, in naku ya dawo da kuka, ku saurare shi har ya gama kafin ku ba shi haƙuri, sannan ku tambaye shi wane mataki za a ɗauka, ku raka shi in da hali.

Jama'a, abin da muke roƙo a ɗauka daga shirin yau shi ne: a yi aiki a fili, a yi magana a gaban ido, a kai koke a rubuce tun abu bai yi nisa ba. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu abokan aiki na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga wasu, ya sa albarka a cikin neman kowa.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.

(Taken rufewa)